Wanda Aka Kayar Shi Ke Rubutawa

Zuwa ga Editan mujallar Turke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Shekarata tamanin da ɗaya. Ina hawa benen gidana da ƙafata, ina dafa abincina da hannuna, kuma ba na bukatar tausayin kowa. Na fara da wannan ne saboda wasiƙarka ta ambaci "halin da kike ciki" har sau biyu. Ba na cikin wani hali. Ina zaune ne kawai.

Ka nemi in ba ka abin da na sani na tarihin mujallar, don fitowa ta musamman ta cikarta shekara sittin. Zan ba ka, gwargwadon abin da ya rage a kaina.

An kafa ta a ɗaki biyu, a saman shagon wani mai gyaran agogo. Kakanka, wanda dukkanmu muke kira Mai Jan Biro, ya kafa ta ne a lokacin da kowace jarida ke ihun a rushe komai a sake gini. Shi kuwa ra'ayinsa shi ne ƙasa ba ta son gaggawa, kuma duk gyaran da aka yi da ihu sai an dawo an sake shi. Na shiga aikin tana da shekara biyar, ni ina da ashirin da shida, ni kaɗai mace, kuma ni kaɗai mai digiri biyu. Na yi shekara talatin da huɗu. Na ga lokacin da muke buga kwafi ɗari takwas, rabi ya dawo mana a ɗaure. Na ga lokacin da ministoci ke aiko direbobinsu su jira a bakin maɗaba'a. Mun yi adawa da mulkin jam'iyya ɗaya lokacin da yin hakan yake kai mutum gidan yari, an rufe mu wata bakwai. Mun yi adawa da soke jarrabawar shiga sakandare, da ƙwace gonaki a mayar da su na gwamnati, da kusan kowane yajin aiki. Wasu abubuwan mun yi daidai. Wasu kuma ban ƙara tunaninsu ba.

Abin da ba za ka samu a takardu ba shi ne yadda ake rubuta sharhin shafin farko. Kowace Talata da safe mu takwas muke zama a tebur ɗaya mai ƙafar da aka tokare da tsohon ƙamus. A kawo batu, a yi muhawara, a ɗaga hannu. Dokar kakanka ita ce, wanda aka kayar shi ke rubuta sharhin, da ra'ayin waɗanda suka kayar da shi. In waɗanda aka kayar suna da yawa, wanda ya fi daɗewa yana magana shi zai rubuta. Dalilinsa shi ne mai nasara yana rubutu da girman kai, ya tsallake wuraren da hujjarsa ke da rauni, amma wanda aka kayar ya san su ɗaya bayan ɗaya, don shi ya tono su. In kuma ya ga alamar ka sassauta hannu da gangan, sai ya dawo maka da takardar, ya rubuta a sama da jan biro: "Kin bar musu ƙofa." Ba a sa suna. Sharhin na mujalla ne.

Kada ka ɗauka ni ce mai sassauci a cikinsu. Sau da yawa an kayar da ni ne don na fi su tsauri. Ina dai da yawan magana, shi ya sa rubutun ya yawaita a kaina.

Yanzu ga bukatarka ta biyu, wato buga sunan wanda ya rubuta kowane sharhi. Ban yarda ba. Tunda an ce kai mai naci ne kamar kakanka, zan gaya maka dalili sau ɗaya. Ina da ƙane, shi kaɗai ya rage mini a duniya cikin waɗanda suka san ni tun ina yarinya. Akwai sharhi ɗaya da bai san ni na rubuta ba, kuma ina so ɗayanmu ya mutu bai sani ba.

Ka huta lafiya.

Tsohuwar ma'aikaciyarku.

*

Mama,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida ki da girmamawa, kuma na janye "halin da kike ciki". Na karanta wa 'yan ofis wannan sakin layin, mai tsara shafi ta ce wallahi ko ita da take shekara talatin ba ta hawa bene sai ta huta a tsakiya.

Mama, ina ma wasiƙarki ta zo wata biyu da suka wuce. Da muke kwashe kaya daga tsohon ofis, mun tarar da kwali shida a bayan kabad, cike da littattafan zaman Talata da rubutun hannun Kaka. Kowane zama ya rubuta batu, da ƙuri'a, da wanda aka kayar. Ni ban taɓa jin dokar nan ba sai a cikinsu. Mahaifina ya soke ta tun ina firamare, ya ce ɓata lokaci ce. Mun ƙirga, naki ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Babu wanda ya kai rabin haka. Rabin abin da ake kira "muryar Turke" a jami'o'i ke ce, kuma babu wanda ya sani.

Gaskiyar da zan gaya miki ita ce hukumar mujalla ta riga ta yanke a buga jerin, kuma an riga an bai wa ɗakin karatu na jami'a littattafan. Ko na cire sunanki, wani ɗalibi zai gano shi kafin shekara ta zagayo. Ban zo neman izini ba, na zo ne da ladabi, kuma na ji kunyar yadda na rubuta miki kamar izini nake nema.

Ina tsammanin na san sharhin da kike nufi. "Mutum Tara", na yajin aikin malamai, shekara talatin da takwas da suka wuce, wanda ya ce a kori shugabanni tara, sauran za su koma aji. An kore su bayan kwana huɗu, sauran suka koma. Na duba sunayen taran, na ga ɗaya sunan mahaifinku ɗaya.

Amma Mama, littafin yana tare da ke. Kaka ya rubuta: "Bakwai da ɗaya. Ta yi magana awa biyu." Bari in buga wannan a ƙarƙashin sunanki, da manyan baƙaƙe. Ƙanenki zai ga cewa ke kaɗai kika tsaya masa. Saura mako uku mu kai wa maɗaba'a.

Ɗanki,
Edita.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma kana shan maganin a kan lokaci, ba sai ka tuna ba.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga wadda ke zuwa gidanka kowace Alhamis. Na zo Alhamis ɗin da ta wuce da niyyar in faɗa maka da baki. Ka zuba shayi, ka kunna rediyo, muka yi gardama a kan sabon harajin mai, na tashi na tafi. Na gane cewa a rubuce kawai nake iya faɗin abu har ƙarshensa.

Ni na rubuta "Mutum Tara".

Shekara talatin da takwas kana zagin Mai Jan Biro a kansa, ina zaune ina ji. Ba shi ba ne. A wurinmu wanda aka kayar a muhawara shi ke rubuta sharhin, kuma ranar ni aka kayar. Nan da mako uku mujallar za ta buga sunayen marubuta, ban so ka fara gani a can ba.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila na iya faɗa maka a kan shayi. Ka tuna ranar da aka kwantar da Inna a asibiti, a mako na biyar na yajin aikin? Muna zaune a kan bencin baranda muna jiran likita, kana cin gyaɗa kana zuba ɓawon a aljihunka don kada mai shara ta yi faɗa. Ka ce mini, "Yaya, mu tara ne kawai muka riƙe abin nan. Ni da Dogo mun zaga makarantu arba'in a kan babur ɗinsa, mutane sun gaji. Da gwamnati ta sani, da ta cire mu ta huta." Ka faɗa mini ne a matsayin yayarka. Ka ma ce kada in gaya wa Inna.

Ranar Talata aka kayar da ni. Na rubuta sharhin farko a kan doka da haƙƙin ɗalibai, kamar yadda kowa zai rubuta. Mai Jan Biro ya dawo mini da shi. Na sake wani, ya sake dawowa da shi, ya ce a gaban kowa wataƙila a ba wani, tunda jini ya fi ƙarfin alƙalamina. A shekara goma sha bakwai ba a taɓa karɓe rubutu daga hannuna ba. Na koma teburina, na san abu ɗaya da babu wanda ya sani a ginin, na sa shi. Ban ambaci inda na ji ba, kuma bai tambaya ba. Ya karanta a tsaye, bai taɓa ko kalma ɗaya ba.

Na yi ta neman abin da nake ji a lokacin don in gaya maka. Abin da na samu shi ne, na ga rubutun ya yi kyau.

Sauran ka fi ni sani. An kore ku. Ka bar ɗakin gwaje-gwajen kimiyyar da kai ka haɗa shi kwalba bayan kwalba, ka koma koya wa mutane tuƙi shekara ashirin da biyu. Da aka mayar da Dogo bakin aiki bayan shekara biyu, shi kaɗai cikinku, ka tashi a taron ƙungiya ka ce shi ya kai lissafin mutum taran, don ku biyu kawai kuka san shi. Ka manta da barandar asibitin, ko kuwa bai taɓa zuwa maka cewa abin da aka faɗa wa yaya yana fita ba. Ka zo gidana ranar, na ba ka ruwa, na ce ka yi haƙuri da mutane. Da Dogo ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce ka ƙi zuwa jana'izarsa. Ni na je. Na zauna cikin mata, na yi wa matarsa ta'aziyya, ta ce na gode, ke dai ba kamar ƙanenki ba.

Editan yanzu, jikan Mai Jan Biro, yana so ya buga cewa na yi awa biyu ina kare ku a teburin. Gaskiya ne, na yi. Ban rubuto don ka auna wannan da wancan ba. Ban kuma nemi gafara ba, don ban san yadda ake neman gafarar abu mai wannan tsawon ba, kuma ba na son in yi abin da ban iya ba.

Ka gaida yara.

Yayarka.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ƙafa da sauƙi. Magani ina sha, in na tuna.

Takardarki ta zo ranar Asabar. Na karanta sau uku, na ninke, na sa ƙarƙashin rediyo. Na zauna ina jira haushi ya zo. Har yau Laraba bai zo ba. Na ci abinci, na yi wanka, na yi faɗa da mai kawo ruwa. 'Yata ta ce Baba lafiya kake kallon bango, na ce bangon ne ke kallona.

Kin san abin da ya fi ba ni mamaki? Na haddace sharhin nan. A motar koyon tuƙi, in ɗalibi yana ƙoƙarin kashe ni a kwana, ina maimaita shi a zuci don in ji haushi in farka. Har nakan ce tsohon nan mugu ne amma ya iya rubutu. Ashe yabonki nake yi. Ai da kin faɗa mini, ke da ba ki ƙi yabo ba.

Barandar asibitin ban manta da ita ba. Na tuna gyaɗar ma. Sau ɗaya tunanin ya zo mini, tun a shekarar farko, ina wanke mota. Na ce a'a, Yaya ce ta goya ni, na ci gaba da wanke motar. Dogo ya fi sauƙi. Shi an mayar da shi aiki, ni ba a mayar da ni ba, kuma ina bukatar wanda zan ƙi wanda ba zan rasa komai ba in na ƙi shi. Haka na ɗauka.

Aikin koyarwa ya tafi, Yaya, ya daɗe da tafiya, ko an bar ni da yanzu na yi ritaya ina zaune a kujerar nan dai. Wannan ba na neman komai a kansa. Dogo ne. Ya zo ƙofar gidana sau biyu, na sa aka ce ba na nan, yana jin tarina daga ciki. Mutumin da ya sayar da babur ɗinsa ranar da aka yi wa matata aiki. Yaransa sun tashi ana nuna su a unguwar malamai. Babban ya bar makaranta a aji huɗu saboda faɗa, yanzu walda yake yi. Ni na yi wannan da bakina, amma ke kina zaune kina ba ni ruwa.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Awa biyun nan, me kika ce? Babu wanda ya taɓa kare mu awa biyu, ko lauyanmu minti ashirin ya yi. Ki rubuto mini abin da kika ce, ko kaɗan ne. Ina so in ji.

Gobe Alhamis. Kada ki zo. Ba kora ba ce, ban san inda zan sa idona ba ne. Ban kuma san ko Alhamis ta sama ba. Matar Dogo tana nan da rai, a gidan dai na bayan makarantar. Kwana huɗu ina sa takalmi ina cirewa.

Ƙanenki.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karɓi wasiƙarka, kuma ban zo ba, kamar yadda ka ce.

Ka tambaye ni abin da na faɗa a awa biyun. Na zauna da takarda tun safe har azahar, kwana biyu a jere. Sharhin ina iya karanto maka shi daga farko zuwa ƙarshe. Abin da na faɗa don kare ku kuwa, ko jimla ɗaya ban samu ba. Zan iya ƙirƙiro maka, kuma zai yi kyau, ka san zai yi kyau. Ba zan yi ba.

Ranar Litinin na je gidan matar Dogo. Ta ba ni kujera, na ce a tsaye zan faɗa. Da na gama ta ce in dakata, ta aika a kira babban ɗanta. Ya zo da gilashin walda a goshi, na sake faɗa daga farko. Ya tambayi uwarsa ko ya koma shago. Ita ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta raka ni har bakin ƙofa, ta ce in gaya maka in za ka zo ka zo, amma kai kaɗai.

Daga can na wuce ofishin mujallar. Na ba Edita shafi ɗaya da ke cewa Dogo bai kai wa kowa komai ba, da yadda lissafin ya fita, da cewa daga bakina ya fita. Ya roƙe ni ya ƙara layin ƙuri'ar, bakwai da ɗaya. Na ce ba za a buga mini kariyar da ba na iya tunawa ba. Na tsaya har aka cire layin a gabana, na sa hannu. An kai wa maɗaba'a jiya.

Ka sha maganinka.

Yayarka.